Ruwan da Sakinatu Ke Ɗorawa da Asuba

Duk wanda ya taɓa kai masara kasuwar Kafur a shekarun nan da suka wuce ya san Maitama, in bai san sunansa ba ya san bayansa. Ɗan dako ne, mutumin Gozaki, gajere mai faɗin kafaɗa, irin wanda in ya sunkuya aka ɗora masa buhu sai ka ji buhun ne abin tausayi. Gonar da ubansu ya bari ba ta isa 'ya'ya maza su ci su ƙoshi ba, shi ya sa yayansa Shitu ya riƙe noma, shi kuma tun yana saurayi ya bi motocin hatsi. Yau Kafur, gobe Malumfashi, jibi Funtua, duk inda aka zube masara ko waken suya ana neman mai ɗauka, yana nan. Ba shi da yawan magana. Abin da yake taƙama da shi guda ɗaya ne, kuma ba da bakinsa ake ji ba, abokan aikinsa ke faɗa: tun da ya fara dako bai taɓa yar da buhu ba.

'Yan dako suna da wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba amma kowa ya haddace ta. Ba a cewa baya na ciwo. Wanda ya furta haka, Isah sarkin dako zai ce masa ya je inuwa ya huta, ya kira wani, gobe ma ya kira wanin. Saboda haka duk ciwon da ya sauka a bayan ɗan dako sunansa gajiya. Maganinsa kuwa a ƙara tamke ɗamarar tsohon zane a ƙugu, ranar da babu kasuwa a je wurin wanzami ya kafa ƙaho. Haka Maitama ya taras ana yi, haka ya yi shekara da shekaru, kuma bai ga abin da ya same shi ba.

Gidansu na Gozaki gidan gado ne, sashen Shitu na fuskantar nasa, rijiya da murhu a tsakiya. A gida irin wannan ba abin da ke ɓoyuwa, balle wanka. Mutanen gidan da yamma suke wanka, bayan an dawo daga aiki. In aka ji mace ta hura wuta kafin kiran salla, aka ji ƙarar bokiti da zubar ruwa a makewayi, to kowane babba ya san abin da ya wajabta wankan, ba sai an yi masa bayani ba. Hajo, matar Shitu, ita ce ba ta barin irin wannan ya wuce. Mace ce mai kirki, bakinta ne kawai ba ya hutawa. Duk safiyar da ta ji wutar faccalarta Sakinatu, matar Maitama, sai ta tare ta a bakin rijiya.

"Oh, Sakinatu, ke dai itacenki ba ya kwana. Ki riƙa tausaya wa ƙanin nan nawa mana, buhu da rana, ke kuma..."

"Kai, Yaya Hajo, don Allah ki bari, yara na ji."

Sai Sakinatu ta rufe fuska da gefen mayafi ta shige ɗaki tana dariya. Maitama na jin su daga ciki, ya yi kamar bai ji ba, amma yana jin daɗin abin har ransa.

Ranar da abin ya faru ba ta da wata alama. Farkon kaka ne, masara ta fara shigowa, ana lodin wata babbar mota a Funtua. Yana hawa katakon da ake jinginawa a bayan mota da buhu a wuyansa, ƙafarsa ta ɗan zame. Bai faɗi ba. Ya dai ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayansa, wani zafi ya tsarga masa daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafar hagu. Ya cije, ya kai buhun sama, ya sauko ya ƙara tamke ɗamara, ya gama lodin tare da kowa.

Cikin 'yan kwanakin da suka biyo baya abubuwa suka riƙa canzawa a jikinsa, ɗaya na bin ɗaya. In ya zauna a kan benci sai ya ji kamar akwai wani abu mai kauri tsakaninsa da katakon. Fitsari ya koma sai ya yi nishi kafin ya fito, in ya fito kuma ba ya sanin ya gama, sai ya miƙe ya ga ɗigo a wando. Sannan abin da ke tsakanin miji da mata ya ɗauke. Ba raguwa ya yi a hankali ba yadda tsofaffi ke ba da labari, ɗaukewa ya yi gaba ɗaya kamar wutar lantarki. Mutumin da bai kai arba'in da biyar ba, wanda satin da ya wuce lafiyarsa ƙalau. Ya ce gajiya ce, Sakinatu ma ta ce gajiya ce, suka juya wa juna baya suka bar ta a haka.

A nan Maitama ya yi abin da zai zauna da shi har ƙarshen ransa. Ya ɗauki ciwonsa ya raba shi kashi-kashi, ya kai wa kowa kason da ba zai ji kunyar faɗa masa ba. Ciwon bayan ya kai wa Sanda wanzami. Sanda ya kwantar da shi a zaure, ya tsaga, ya kafa ƙaho, ya nuna masa baƙin jinin da ya fito ya ce ga mugun nan ya fita. Fitsarin ya kai wa wani mai kemis a Malumfashi inda ba a san shi ba, mai kemis ya ce sanyi ne, ya ƙulla masa ƙwayoyi ja da fari a leda. Na ukun kuwa bai kai wa kowa ba. A kasuwa akwai masu motar nan da lasifika da ke tallar maganin ƙarfin maza, suna zuba batsa jama'a na dariya. Yakan tsaya nesa ya saurara, kamar mai jiran wani, amma bai taɓa matsawa ba, don duk wanda ya nufi motar nan idon kasuwa na kansa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ukun nan abu ɗaya ne ba. Wa zai ce bayan mutum na da haɗi da shimfiɗarsa?

Abin da ya ƙara ruɗa shi, zafin ya fara lafawa. Ba warkewa ba ce, wurin ne ke mutuwa, amma shi ina zai sani? Har zakara ya kai wa Sanda na godiya.

Wata safiya yana zaune a ƙofar ɗaki yana ɗaura ɗamara, ya ji Hajo a bakin rijiya.

"Sakinatu, lafiya kuwa? Kwana biyu ban ji wutarki ba. Itace ne ya ƙare in sammaki, ko kuwa faɗa kuka yi da mijin nawa?"

Da wasa ta faɗa, irin wasan da ta saba. Sakinatu ta yi 'yar dariya ta ce babu komai, amma guga ya kuɓuce mata ya faɗa rijiya, sai da aka nemo ƙugiya.

Washegari kafin kiran salla Maitama ya ji ana fasa itace. Ya ji an hura wuta, an ɗora tukunya. Can Sakinatu ta ɗaga labule ta leƙo.

"Malam, ga ruwa can na kai."

"Ruwan me?"

"Na wanka."

Ya dube ta. Ita ba ta dube shi ba, ƙasa take kallo.

"Ka shiga kawai ka zubar, a ji ƙarar ruwa. In ka fito ni ma in shiga. Ba sai kowa ya san cikinmu ba."

Ya tashi ya shiga makewayi. Akwai wani faffaɗan dutse a ciki da ake zama, ya zauna a kai, ya miƙe ƙafafunsa ya ɗora kan bulo saboda ciwon bayan, ya riƙa ɗibar ruwan da ƙoƙo yana watsawa ƙasa. Da ya ƙare ya shafa ruwan sanyi a kai da fuska ya fito. Da hantsi Hajo ta tare Sakinatu da guɗa ƙasa-ƙasa, ta ce to madalla, ashe an shirya.

Ban san wata ƙauna da ta fi wannan ba, kuma ban san wadda ta fi ta yin ɓarna ba. Da Sakinatu ba ta ɗora ruwan nan ba, da bakin Hajo ya kai maganar kunnen Shitu, Shitu kuwa mutum ne da ba ya zagaye-zagaye, da ya titsiye ƙaninsa ya ji dalili. Amma wuta na kamawa bayan kwana biyu ko uku, ruwa na zuba, gida ya kwanta lafiya. Maitama bai gode mata ba, bai kuma hana ta ba. Gaskiya ma ba ya jin komai sosai a lokacin. Yana tashi, yana zubar da ruwa, yana salla a ɗaki don ba ya amincewa da tsarkin wandonsa ya shiga sahu, yana hawa mota zuwa kasuwa, yana dawowa. Abinci ba shi da ɗanɗano kuma ba shi da laifi. In 'yarsa ƙarama Zaituna ta hau cinyarsa, sai ya duba ya gan ta kafin ya tabbatar ta hau.

Aka gama masara, aka yanke dawa, aka yi casa. Ƙafar hagu ta fara ja, silifa na fita daga ƙafarsa bai sani ba sai ya waiwaya ya hango ta a baya. Isah sarkin dako ya lura, bai ce masa komai ba, ya dai mai da shi saman mota yana jera buhunan da wasu ke hawowa da su. Wannan a wurin 'yan dako aikin tsofaffi ne. Maitama ya hau ya jera, ko a fuska bai nuna ba.

Tun da wankan na ƙarya ne, Sakinatu ta daina wahalar surka ruwan. Me za a surka wa ƙasa? Yadda ta sauke shi daga wuta haka take juyewa a bokiti ta kai. Wata asuba, rani ya riga ya yi nisa har an fara sharar gona, Maitama ya gaji da ɗiba da ƙoƙo, ya kama bakin bokitin ya tuntsurar da shi gefensa gaba ɗaya. Ruwan ya bugi bango ya dawo ya malale kan dutsen da yake zaune. Ya ga tururi ya tashi ya rufe shi. Ya ji wandonsa ya yi nauyi. Ya ɗan zauna har tururin ya baje, ya tashi ya fito ya canza wando a duhun ɗaki, ya yi salla.

Ranar babu kasuwa. Da hantsi ya kwanta rub da ciki a tabarma don Sakinatu ta shafa masa man zafi a baya kamar yadda ta saba. Ta ɗaga rigarsa, ta ɗan ja wandon ƙasa, sai ya ji hannunta ya tsaya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, mene ne wannan?"

"Me?"

"Ba ka ji ba?"

"Me zan ji?"

Daga mazaunansa har bayan cinyoyinsa duk sun tashi, wani wurin ya ɗuri ruwa, wani wurin fatar ta saɓule ta manne da wando. Ƙunar da za ta sa ƙato ya yi ihu a ji shi a ƙarshen gari. Ta sa yatsa ta taɓa gefen wurin, tana kallon ƙeyarsa ko zai motsa. Bai motsa ba. Ta danna da ƙarfi. Yana kwance yana kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero a bakin tabarma.

Sakinatu ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta rufe shi da zane, ta ɗauki mayafinta.

"Ina za ki?"

"Wurin Yaya Shitu. Ko ka faɗa mashi da bakinka, ko ni in faɗa."

"Sakina."

"Wallahi yau sai an faɗa."

Bai tashi ya tare ta ba. Yana jin takunta har ta tsallaka tsakar gida.

Shitu ne ya samo mota ya kai su asibiti a Funtua, Maitama na kwance a kujerar baya don ba ya iya zama. Aka wanke ƙunar aka rufe. Likitan da ya duba shi ya tsaya a kan maganar da Sakinatu ta yi cewa bai ji zafi ba. Ya ce Shitu ya jira a waje. Ya ɗauko ɗan tsinke mai kaifi ya riƙa taɓa shi, a ciki, a gwiwa, a tsakanin cinyoyi, yana tambaya ko ya ji. Wani wurin ya ji, wani wurin sai dai ya ga hannun likita na motsi. Sannan likita ya yi masa tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi masa, kai tsaye, kamar mai tambayar farashin masara. Yaya fitsari? Bayan gida fa, yana sanin zuwansa? Iyali fa, yana iya kusantarsu?

Sakinatu ce ta amsa daga inda take tsaye a jikin bango.

"Ba ya iyawa, likita."

"A hankali ya ragu, ko lokaci ɗaya?"

"Lokaci ɗaya. Satin da bayan ya kama shi."

"Yaushe ke nan?"

"Farkon shigowar masara," in ji Maitama.

Likita ya ajiye tsinken. Ana jin hayaniyar masu jiran layi daga waje.

Ya yi masu bayani da Hausa mai sauƙi. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani ɗan faifai mai taushi, shi yake zaton ya fashe ranar lodin nan ya danne jijiyoyin da ke sauka ƙasa, waɗanda ke kula da fitsari da bayan gida da mazakuta da fatar wurin zama. Ciwo ɗaya ne, ba uku ba. Ya ce duk namijin da ƙarfinsa ya ɗauke farat ɗaya ya kamata ya zo a duba shi, don sau da yawa jiki ne ke sanar da wani abu, ko suga, ko hawan jini, ko zuciya. In kuwa abin ya zo tare da ciwon baya da mutuwar wurin zama da rikicewar fitsari, wannan ba a kwana da shi a gida, ranar ake zuwa, domin jijiya in ta daɗe a danne ba ta cika farfaɗowa ba.

"Yanzu fa?" in ji Sakinatu.

"Zan tura ku Zariya a ɗauki hoton bayan, in haka ne a yi aiki a ɗage abin da ya danne, kada ya ƙara lalacewa. Abin da ya riga ya tafi kuwa, ba zan yi maku alkawari ba. Wani yakan dawo kaɗan-kaɗan, wani ba ya dawowa." Ya dubi Maitama. "Malam, duk watannin nan ba wanda ya lura a gida?"

A mota, a hanyar komawa, sun wuce Bakori kafin Sakinatu ta yi magana, ba ta juyo ba, gilashi take kallo.

"Ni na riƙa ɗora ruwan."

"Ni na riƙa zubarwa," ya ce.

Shitu da ke gaba kusa da direba bai gane me suke nufi ba, bai kuma tambaya ba.

An yi aikin a Zariya. Shitu ya sayar da ɗaya daga cikin shanun garmarsa ana gab da faɗuwar damina, bai taɓa ambata maganar ba har yau. Ciwon baya ya tafi. Ƙafar ta ɗan dawo, yana tafiya ba sanda ko da yake tana ja in ya gaji. Fitsarin an koya masa yadda zai riƙa sarrafa shi. Sauran bai dawo ba. Yana komawa asibiti lokacin da aka ce ya koma, ana gwada abin da za a gwada, yana amsa tambayoyi yanzu ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Dako kam ya ƙare. Isah ya samar masa wuri a gindin wata rumfa a kasuwar Kafur, yana ɗinke bakin buhu da babbar allura, a zaune kan matashin da Sakinatu ta ɗinka masa, kuma an gargaɗe shi ya riƙa tashi yana gyara zama ko bai ji komai ba, don wurin zai iya yin gyambo bai sani ba. Bai yi baƙin ciki irin na kuka ba, bai kuma yi fushi da kowa ba, har da Sanda, suna gaisawa. Ya dai zama mutum mai kallon abu ya daɗe.

Gida kuwa kowa ya sani. Ba yadda za a yi a kwantar da mutum a Zariya a sayar da sa, a ce ba a san dalili ba.

Safiyar farko bayan an sallamo shi, dama likita ya ce a riƙa gasa masa jiki da ruwan ɗumi kafin ya fara motsa ƙafar, saboda haka Sakinatu ta tashi kafin kiran salla ta fasa itace ta hura wuta. Yana kwance yana jin komai, ƙarar murfin tukunya, ƙarar bokiti. Ya ji ta ja ruwa a rijiya ta surka. Ta labulen da ya ɗan buɗe ya hango ta a hasken murhu, ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannunta a bokitin, yadda take gwada ruwan wankan jariri, ta ƙara na sanyi, ta sake tsomawa.

Sai ya ji ƙofar sashen Shitu ta buɗe, ya ji takun Hajo ta nufo rijiya da butarta. Ya samu kansa ya kasa kunne. Ya san muryar da za ta yi, ya san inda za ta ja maganar, itacen da ba ya kwana, ƙanin nan nata abin tausayi. Yana jira ta faɗa, ko da sau ɗaya, ko da ta san ƙarya ne.

Hajo ta tsaya kusa da murhun. Ta dubi wutar, ta dubi bokitin.

"Sannu, Sakinatu," ta ce a hankali. "Kawo in kama maki."

Suka ɗauki bokitin su biyu suka nufi makewayi da shi, ba wadda ta yi dariya.